Martani: Iskar Koira Kano Ba Ita Ce Iskar Nijar Ba

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa, mazaunin unguwarmu ta Koira Kano, ya fitar a kan batun makamashi, inda ya tsaya kai da fata cewa bai kamata gwamnati ta kashe ko dala ɗaya wajen auna ƙarfin iskar ƙasar nan ba. A ganinsa Nijar ƙasar rana ce, duk kuɗin da aka karkata ga iska daga bakin rana aka ƙwace su. Ya kafa hujja da dararen bazara na Yamai, lokacin da mutum ke kwana a tsakar gida yana gumi, ko ganye ba ya motsi. Ya tuna mana da abin da ya sami tashar iska ta Katsina. Ya kuma ce in ma akwai riba a cikin iskar, kamfanoni za su zo su auna da kuɗinsu, balle ga taswirar iska ta duniya nan kyauta a intanet. Rubutu ne na mai kishin ƙasa, kuma na san mafarin ɓacin ran da ke cikinsa: mun gaji da binciken da ake biya da bashi, a yi taron ƙaddamarwa a otal, sannan a jefa rahoton cikin durowa a kulle. Amma hukuncin da marubucin, wanda zan kira Malam, ya yanke kuskure ne, kuma in aka bi shi, ƴaƴanmu ne za su biya kuɗinsa a takardar kuran.

Mu fara da tsakar gidan. Koira Kano unguwa ce ta dogayen katangu da benaye da itatuwan bedi da mangwaro, kuma kowannensu yana tare iska. Wanda ke kwance kan tabarma iskar mita ɗaya daga ƙasa yake ji. Ko ma'aunin tashoshin yanayi, irin na filin jirgin sama na Diori Hamani, a ƙa'ida tsayin mita 10 ake kafa shi, domin matuƙan jirgi da masu hasashen ruwa aka yi shi. Injin iska na zamani kuwa cibiyar farfelarsa tana can sama wajen mita 100, tsinin reshensa yana kaiwa mita 150 ko fiye. Tsakanin tabarma da wannan tsayi akwai bambanci babba, kuma da dare ne bambancin ya fi yawa.

Idan rana ta faɗi, ƙasa ta huce, iskar da ke manne da ƙasa takan kwanta, ta rabu da ta sama. Ita kuma ta saman, da yake ta kuɓuta daga riƙon da ƙasa ke yi mata, sai ta ƙara gudu, ta yi ta ƙaruwa har gab da asuba. Da hantsi ya ɗaga, zafi ya sake gauraya su, sai ƙarfin nan ya sauko ƙasa. Shi ya sa kowane ɗan Yamai ya san iskar hantsi ta hunturu, mai tayar da ƙura, mai kwashe shanya daga kan igiya. Wannan abu ne da aka auna a garin nan. A shekarar 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, an girke na'urori a Yamai, a daidai lokacin da wata tashar awo ta tafi-da-gidanka daga Amurka ta yi shekarar a filin jirgi, kuma masanan sun ga wannan iska ta dare tana gudu a tsayin ƴan ɗaruruwan mitoci. Ke nan a daren da Malam ke fifita, wataƙila iska na wucewa a bisa kansa bai sani ba. Gaskiya ne tsakiyar ƙarfinta ta fi tsayin farfela. Abin da ya rage shi ne a san nawa ke saukowa mita 100 ko 120, a wane wuri, a wane wata, kuma ma'auni ne kaɗai ke amsa wannan.

Ban da haka, babu wanda ya ce a kafa farfela a Koira Kano. Faɗin ƙasar nan ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Akwai tuddan Adar, akwai Damargu, akwai filayen Agadas inda iskar arewa maso gabas ke kwararowa daga hamada wata da watanni ba abin da ke tare ta. Yanke wa duk wannan hukunci daga unguwa ɗaya ta babban birni bai dace da mai ilimi irin Malam ba.

Me ya sa ba za a yi kirdado kawai ba? Domin ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin sau takwas yake ninkawa. Wurin da iska ke gudun mita 6 a sakan ɗaya ya fi wurin mita 5 ƙarfi da kashi 73 cikin 100, alhali mutum a tsaye ba zai iya bambance su da fatarsa ba. Haka kuma in aka yi kuskuren kashi 10 cikin 100 wajen ƙiyasin gudun, fiye da kwatan ƙarfin da ake tsammani ya tafi. A aikin da kowane megawat ɗaya ke cin sama da dalar Amurka miliyan ɗaya, irin wannan kuskure shi ne ke raba tashar da ke biyan bashinta da wadda ke zama kaya a wuyan ƙasa. Wannan ne ya sa taswirar intanet da Malam ya dogara da ita ba ta wadatar ba. Taswirar nan, wadda jami'ar fasaha ta Denmak da Bankin Duniya suka samar, aiki ne mai kyau, amma lissafin kwamfuta ne da aka gina kan bayanan yanayi na duniya, kuma inda awon ƙasa ya yi ƙaranci, shakku a kan lissafin yana ƙaruwa. Amfaninta ta nuna maka inda ya kamata ka kafa ma'auni. Babu bankin da ke ba da rancen tashar iska sai an kawo masa awon wurin na aƙalla wata goma sha biyu a jere, wanda na'ura ke rubutawa kowane minti goma.

Yanzu ga inda na fi saɓawa da Malam, wato cewa a bar wa kamfanoni su auna. A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy na Ingila a kan tashar iska ta Tarka, a jihar Tawa, mai ƙarfin da zai iya kaiwa megawat 250 da injuna har 60. Matakin farko na yarjejeniyar shi ne bincike, ciki har da tabbatar da ƙarfin iskar wurin. Ba na zargin kamfanin da komai; abin da kowane ɗan kasuwa mai hankali zai yi ke nan. Amma mu dubi zaman da za a yi bayan binciken. A gefe ɗaya na tebur akwai wanda ke riƙe da alƙaluman kowane minti goma, ya san abin da kowace farfela za ta haifar a Janairu da Oktoba. A ɗaya gefen akwai jami'an ma'aikatar makamashi da kamfanin wuta na NIGELEC da hukumar ARSE mai sa ido kan farashi, waɗanda za su amince da kuɗin kilowat na shekara ashirin ko fiye. In ba su da nasu alƙaluman, da me za su ce farashin ya yi yawa? Manomin da ya kai hatsi kasuwa ba shi da tiyarsa, da tiyar mai saye za a auna masa, kuma ko mai sayen mutumin kirki ne, manomin ba shi da bakin magana.

Mun taɓa zama a irin wannan tebur. Faransawa ne suka gano uraniyom a Azelik a 1957, tun kafin ƴancin kai. An kafa kamfanin haƙar uraniyom na SOMAIR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971, kuma tun zamanin Diori Hamani, wanda ya nemi a sake duba farashi a 1974, muke jayayya a kan abin da ya kamata ya zama rabonmu. Dalilan rauninmu suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne ilimin abin da ke ƙarƙashin ƙasar a hannun mai saye ya fara zama. Yau kowa yana maganar ƴancin ƙasa a kan arzikinta. To iska ma arziki ce, kuma ita saninta bai buƙatar haƙa rami ko sayo manyan injuna. Abin da ake buƙata dogon ƙarfe ne irin na eriyar tarho, da ƴan kofuna masu juyawa a tsayi daban-daban, da ma'aunin zafi, da ƙaramin allon rana mai ba su wuta. Kuɗin ɗaya bai kama ƙafar kuɗin farfela guda ba.

Akwai kuma lissafin kasuwa. Kamfanin da ya zo inda ba a san komai ba, shi ke ɗaukar kasadar awo, don haka zai nemi a keɓe masa wurin shi kaɗai, kuma kasadar tana shiga cikin farashi. In gwamnati ce ta auna ta baje alƙaluman a fili, kamfani goma za su iya duba abu ɗaya su yi takara. Afirka ta Kudu ta bi wannan hanya. A 2009 ta fara aikin taswirar iskarta da taimakon Denmak, ta kafa hasumiyar awo goma masu tsayin mita 60 a lardunan Kef, ta haɗa hukumar yanayi da cibiyar bincike ta ƙasa da jami'a a cikin aikin, sannan ta sa alƙaluman a intanet kowa ya ɗauka kyauta. A 2011 ta buɗe gasar samar da wuta ga kamfanoni, kuma cikin ƴan shekaru farashin wutar iska ya faɗi da kusan rabi. Ba taswirar kaɗai ta jawo haka ba, injuna ma sun yi araha a lokacin, amma hukuma ta shiga ciniki da idonta a buɗe. Yau ƙasar tana da sama da megawat 3,000 na iska. Masar ma tun shekarun 1990 hukumarta ta fara auna iskar gaɓar Suwes kafin tashar iska ta Zafarana ta zama abin da ta zama.

Batun Katsina kuwa, ya kamata a faɗe shi yadda yake. Marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa ne ya ɗauko tunanin tashar Lambar Rimi yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayyar Najeriya ta karɓe ta, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa aikin kafa injuna 37 masu kilowat 275 kowanne, jimilla megawat 10. A Disamba 2012 ƴan bindiga suka kai hari Rimi suka sace injiniyan kamfanin, ya yi wata goma sha ɗaya a hannunsu kafin ya kuɓuce. Aiki ya tsaya, shekaru suka yi ta wucewa. Abin takaici ne, kuma ya cancanci a yi nazarinsa, musamman mu da muka san abin da rashin tsaro ya yi a Tillaberi da arewacin Tawa. Sai dai darasin na tsaro ne da riƙon kwangila da kula da kaya. Babu inda ya nuna cewa sanin ƙarfin iska ɓarnar kuɗi ne. Kuma fasahar ta yi nisa tun lokacin: tashar Taiba Ndiaye ta Senegal, da aka buɗe a 2020, injuna 46 ne ke ba da megawat 158, ma'ana uku daga cikinsu sun kai Lambar Rimi gaba ɗayanta.

A kan rana, ni da Malam bakinmu ɗaya. Ƙasar Abdou Moumouni Dioffo ce wannan, ɗan Tasawa da ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL yana ƙera tukwanen rana da na'urorin ɗumama ruwa tun duniya ba ta waiwayi abin ba, kuma jami'armu ta Yamai sunansa take ɗauke da shi. Rana ce babbar dukiyarmu, ita ya kamata ta samu kaso mafi tsoka. Tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 da allunanta sama da 55,000 da ta fara aiki a ƙarshen 2023, sun yi kaɗan ƙwarai. A ninka su. Amma rana tana faɗuwa da magariba, daidai lokacin da kowane gida ke kunna fitila da fanka da talabijin. Daga nan sai batir, wanda har yanzu yana da tsada in ana maganar riƙe birni dare guda, ko gazuwal, ko wutar maƙwabta. Kuma a hunturu, ƙura tana dusashe rana tana lulluɓe alluna, a watannin da iskar arewa maso gabas ta fi kaɗawa. Duk abin da zai iya ba da wuta da dare ko cikin hazo abokin aikin rana ne, ya kamata mai son rana ya fi kowa son a bincika shi.

Wutar maƙwabta kuwa mun ga iyakarta. Shekara da shekaru kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga Najeriya ta riƙa zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa. A farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka katse ta, ba ta dawo ba sai Maris 2024. A nan Koira Kano abin da ya faru shi ne gurup-gurup suka tashi, unguwa ta cika da ƙara da hayaƙi, firigo bai mutu ba. A Bukoki da Talaje da Gamkalle kuwa, tela ya naɗe hannu, mai walda ya sallami yaransa, mai sayar da ƙanƙara ta yi asarar jarinta. Ina roƙon Malam ya tuna da wannan. Mu da ke da halin sayen gazuwal ko batir, duhun dare bai cika cizonmu ba, don haka ya fi mana sauƙi mu ce rana ta isa. Kuma ko su ƴan Bukoki suna cikin masu sa'a, domin a ƙasar nan kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki.

Ba zan ɓoye matsalolin iska ba, kuma wasunsu sun fi waɗanda Malam ya kawo nauyi. Buƙatarmu ta wuta tana kai ƙololuwa a Afrilu da Mayu, alhali hunturu ya riga ya wuce. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi: a zafin digiri 40 ta yi ƙasa da kusan kashi 8 cikin 100 idan aka gwada da digiri 15 da masu ƙera injuna ke lissafi da shi, kuma wutar ma haka take raguwa. Ƙura tana cin rassan farfela tana toshe matatai. Guguwar da ke gabatar ruwan damina, wadda ke yaye kwanon gidaje, dole a san iyakar ƙarfinta kafin a zaɓi irin injin da zai jure. Sannan ga layin dakon wuta. Yankin kogi, da yankin Tawa da Maraɗi da Damagaram, da na Agadas mai dogaro da gawayin kamfanin SONICHAR, da na Difa, an gina su ne kowanne da nasa layi. Kenya ta gama kafa injuna 365 a tafkin Turkana a 2017, layin da zai kwashi wutar bai kammala ba sai 2018, ƙasar ta biya kuɗin wutar da ba ta sha ba. To amma a dubi waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya. Wace ce za a warware ba tare da awo ba? Ta yaya NIGELEC za ta san inda za ta ja layi nan da shekara goma in ba ta san inda iskar take ba? Madatsar Kandaji mai megawat 130, in ta kammala, ruwanta zai iya cike giɓin lokacin da iska ta kwanta, amma sai an san watanni da sa'o'in da take kwanciya.

Yana yiwuwa a auna a tarar cewa wurare da yawa ba su kai ba. In haka ta faru, kuɗin awon ba su faɗi ƙasa banza ba, domin sun tsare mu daga ranar da wani zai zo da hotuna masu kyau ya sayar wa wani minista tashar da ba za ta yi juyi ba. Ƙin aunawa ba ya hana a kafa mummunar tasha. Abin da yake hanawa shi ne mu gane ta tun a takarda.

Tsoron Malam na rahoton durowa shi ne ya kamata ya zama sharaɗin aikin, kuma a nan nake so ya sa alƙalaminsa. Kada a ba wani ofishin ƙwararru na waje kwangila ya zo ya tafi da ilimin. Yamai ce mazaunin cibiyar AGRHYMET tun 1974, ita ce mazaunin ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka baki ɗaya. Muna da hukumar yanayi ta ƙasa, da ANERSOL magajiyar ONERSOL, da makarantar EMIG, da shirin WASCAL na sauyin yanayi da makamashi a jami'ar Abdou Moumouni, inda ɗalibai daga ƙasashen yankin ke zuwa karatu. Ga jami'o'in Tawa da Maraɗi da Agadas kusa da wuraren da za a auna. A kafa hasumiyoyin a inda taswira ta nuna alama kuma tsaro ya bari, su kai tsayin da farfela ke aiki, a bar su shekara biyu domin shekara ɗaya tana iya zama bare. A zauna da maigari da masu gonaki kafin a kafa ƙarfe, a ɗauki mai gadi daga ƙauyen a riƙa biyansa a kan lokaci, don ma'aunin da aka sace allon ranarsa wata uku ya ɓata awon shekara. Ɗalibanmu su hau, su gyara, su tace alƙaluman, su rubuta digirinsu a kai. A riƙa fitar da sakamakon duk wata inda ɗan jarida da ɗan kasuwa da ɗan majalisar gari za su gani ba tare da neman izinin kowa ba. Kuma a rubuta cikin kowace yarjejeniya, ta Tarka da duk wadda za ta biyo baya, cewa kamfanin da ya auna iskar Nijar zai ajiye kwafin ɗanyen alƙalumansa a hannun hukumar yanayi ta ƙasa, ko ya gina tashar ko ya fasa.